Giɓi Da Mashiga A Cikin Ƙarfe: Bayani A Kan Tsarin Shiyyoyin Kuzari Na Rabin-Ƙarfe Mai Tofoloji

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a bakin hanyar da ta tashi daga Katsina, ta bi ta Jibiya da Magama, ta tsallaka zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, zai ga irin kayan da motoci ke ɗauke da su. Ban da hatsi da dabbobi da tufafi, akwai ƙunshin wayar lantarki, da faifan sola, da batura, da wayoyin hannu. Waɗannan na ƙarshe duk aikinsu ɗaya ne, watau sarrafa wutar lantarki, amma kowanne da halin abin da aka ƙera shi da shi. Jan ƙarfen da ke cikin waya yana barin wuta ta wuce. Robar da aka naɗe shi da ita tana tare ta. Silikon ɗin da ke cikin faifan sola kuwa ba ya ba da wuta sai rana ta haska shi.

Tun wajen 1931 masana kimiyya suka gano dalilin wannan bambanci, suka kasa sandararrun abubuwa kashi uku. A cikin wannan ƙarni kuma sai ga wani kashi ya bayyana wanda bai zauna daidai a cikin ko ɗaya daga ukun ba, shi ne ake kira rabin-ƙarfe mai tofoloji. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana tsarin cikin wannan sabon kashi da Hausa, ta kuma nuna cewa ma'adinan da aka fara gano shi a cikinsu ba baƙi ba ne a ƙasar nan, domin an daɗe ana haƙa su a Arewacin Nijeriya.

2.0 Zarra Da Shiyyoyin Kuzari

Kowane abu an gina shi ne da ƙwayoyin zarra, kowace zarra kuma tana da cibiya wadda wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira elektiron suke kewaye da ita. Abin da ake kira wutar lantarki a cikin waya tafiyar waɗannan elektiron ne. Elektiron ɗin da ke cikin zarra ba shi da ikon ɗaukar kowane adadin kuzari da ya ga dama. An yanka masa matakai, kamar mai hawan tsani wanda zai iya tsayawa a matakala ta biyu ko ta uku, amma ba ya iya tsayawa a tsakaninsu. Har wa yau akwai wata ƙa'ida da Wolfgang Pauli ya bayyana a 1925, wadda ta ce elektiron biyu ba sa tarayya a kan hali ɗaya. Idan wani ya riga ya kama wuri, na bayansa sai ya nemi na gaba.

To, wannan halin zarra ɗaya ke nan. Amma a cikin sandararren abu zarra ba ta zama ita kaɗai. Suna jeruwa ne sahu-sahu bisa wani tsari mai maimaita kansa, wanda ake kira kiristal, irin wanda ake gani a ƙwayar gishiri. A ɗan guntun jan ƙarfe mai santimita ɗaya ta kowace fuska, yawan zarra ya kai adadin da ake rubutawa da 85 a bi shi da sifiri 21. Idan suka matsu haka, sai matakan kuzarinsu su cuɗanya, kowace matakala ta baje ta zama wani fili mai ɗauke da matakai bila adadin, kusa-kusa da juna. Wannan fili shi za a kira shiyyar kuzari a cikin wannan maƙala. Tsakanin wata shiyya da wata sau da yawa akan sami giɓi, watau wani yanki na kuzari da babu elektiron ɗin da zai iya zama a cikinsa. Felix Bloch ne ya aza harsashin wannan lissafi a 1928, sa'an nan Alan Wilson ya yi amfani da shi a 1931 wajen rarrabe abubuwa.

Elektiron suna cika shiyyoyin nan kamar yadda hatsi ke cika rumbu, daga ƙasa zuwa sama. Inda cikar ta tsaya ana kiransa matakin Fermi, da sunan masanin nan na Italiya, Enrico Fermi. Abin lura a nan shi ne, shiyyar da ta cika maƙil ba ta ɗaukar wuta. Dalili kuwa, kafin elektiron ya amsa kiran batir ya yi gaba, sai ya ɗan ƙara kuzari, watau ya koma wata matakala ta kusa wadda ba kowa. Idan wuri ya cika ba masaka tsinke, ba inda zai matsa.

3.0 Kashi Uku Na Farko

Da wannan bayani, rarrabewar ta zo da sauƙi. A cikin jan ƙarfe da azurfa da zinariya, matakin Fermi ya faɗo ne a tsakiyar shiyya, saboda haka akwai sarari a sama da shi, ko ɗan yaya aka tura elektiron sai ya tafi. A cikin gilashi da roba da lu'ulu'u, shiyyar ƙasa ta cika, ta sama ba kowa, ga kuma giɓi mai faɗi a tsakaninsu. Ana auna wannan giɓi da wani ma'auni da ake kira elektiron-bolt. Giɓin lu'ulu'u ya kai kimanin 5.5, alhali kuzarin da zafin ɗaki yake ba elektiron bai wuce 0.025 ba. Silikon shi ne na tsakiya, giɓinsa 1.1 ne. Hasken rana da ido ke gani yana ɗauke da kuzarin da ya kama daga kimanin 1.6 zuwa 3.1, wanda ya isa ya ɗaga elektiron ya tsallake giɓin. Sirrin faifan sola ke nan.

Mutanen Jibiya sun san ma'anar giɓi a aikace. An rufe kan iyakar a watan Agusta na 2019, ba a buɗe mashigin Jibiya ba sai watan Afrilu na 2022. An sake rufewa a watan Agusta na 2023 bayan juyin mulkin Nijar, aka buɗe a watan Maris na 2024. A waɗannan lokuta ga kaya jibge a wannan ɓangare, ga masu bukata a wancan, amma ba hanya. Haka abu mai tare wuta yake: elektiron suna nan da yawa, sararin zuwa ma yana nan, giɓi ne ya raba su.

Akwai kuma wani ɗan ƙaramin kashi da aka sani tun da daɗewa, wanda ake kira rabin-ƙarfe. A cikinsa saman shiyyar ƙasa ya ɗan haura ƙasan shiyyar sama, don haka ba giɓi, amma masu ɗaukar wutar kaɗan ne ƙwarai. Bismat shi ne sanannen misali. A jan ƙarfe kowace zarra tana ba da elektiron ɗaya mai yawo, a bismat kuwa sai an tara zarra wajen 100,000 kafin a sami ɗaya.

4.0 Inda Shiyyoyi Biyu Suka Taɓa Juna

Kafin a ci gaba, wajibi ne a gyara wata fahimta da misalin kan iyaka zai iya jawowa. Shiyyoyin kuzari ba wurare ba ne a cikin ƙarfe da za a ce ga wannan a dama, ga wancan a hagu. Taswira ce da masana ke zanawa: a kwance ana nuna inda elektiron ya nufa da ƙarfin tafiyarsa, a tsaye ana nuna kuzarinsa. Wannan taswira ita ce ake nufi da tsarin shiyyoyin kuzari.

A kan irin wannan taswira, Conyers Herring ya nuna tun 1937 cewa shiyyoyi biyu suna iya taɓa juna a ɗigo ɗaya tak, ko'ina kuma ban da nan akwai giɓi. Kamar ƙasashe biyu ne da ke da doguwar iyaka a rufe, sai mashigi ɗaya. Siffar shiyyoyin a kusa da ɗigon ta yi kama da kalangu wanda ƙugunsa ya tsuke har ya zama kamar tsinin allura: rabin ƙasa cike da elektiron, rabin sama ba kowa, matakin Fermi kuma yana daidai ƙugun ko kusa da shi.

Wannan siffa tana da wani sakamako mai ban mamaki. Abu mai nauyi, kamar jifa ko mota, idan aka ƙara masa kuzari gudunsa ƙaruwa yake yi. Haske kuwa, da yake ba shi da nauyi, gudunsa ɗaya ne kome kuzarinsa. Elektiron ɗin da ke kusa da ƙugun kalangun nan halin haske yake nunawa, yana tafiya da gudu ɗaya kamar ba shi da nauyi. Ba wai nauyinsa na asali ya ɓace ba, jerin zarran da yake ratsawa ne ya sa shi wannan hali.

An fara ganin haka a cikin girafin, watau shimfiɗa ɗaya ta baƙin nan na cikin fensir, mai kaurin zarra ɗaya. Philip Wallace ya lissafa shiyyoyinsa a 1947, Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ɓamɓaro shi a Jami'ar Manchester ta Ingila a 2004, aka ba su lambar Nobel a 2010. Elektiron a cikinsa yana gudun kimanin kilomita 1,000 a daƙiƙa ɗaya, watau kashi ɗaya cikin 300 na gudun haske. Lissafin da ya dace da shi shi ne wanda Paul Dirac ya rubuta a 1928, shi ya sa ake kiran ɗigon da sunan Dirac. A 2014 aka tabbatar da irin wannan ɗigo a cikin kiristal mai tsawo da faɗi da kauri, a gamin sodiyam da bismat, da kuma gamin kadmiyam da asanik.

5.0 Ma'anar Tofoloji

Tofoloji wani reshe ne na lissafi da ke nazarin halayen siffa waɗanda ba sa canzawa idan aka miƙe ta ko aka lanƙwasa ta, muddin ba a yaga ta ko an huda ta ba. Maginin tukwane yana iya mayar da dunƙulen yumɓu kasko ko akushi ta hanyar dannawa kawai. Amma ba zai iya mayar da shi siffar gammo ba sai ya huda shi. Moɗa mai mariƙi kuwa ita da gammo dangi ɗaya ne a wannan ilmi, domin kowanne huda ɗaya gare shi. Adadin huda ba ya zama ɗaya da rabi. Ko dai sifiri, ko ɗaya, ko biyu, saboda haka ba ya canzawa sannu a hankali.

A shekarun 1970 da 1980 David Thouless da Duncan Haldane da Michael Kosterlitz suka nuna cewa irin waɗannan cikakkun lambobi suna ɓoye a cikin halayen abubuwa, aikin da ya sa aka ba su lambar Nobel a 2016. A cikin shiyyoyin kuzari ma akwai su, kuma a nan ne sunan Hermann Weyl ya shigo. A 1929 wannan masanin lissafi na Jamus ya nuna cewa idan ƙwaya ba ta da nauyi, lissafin Dirac yana rabuwa gida biyu, ƙwaya badamiya da ƙwaya bahaguwa. An daɗe ana zaton ƙwayar nan da ake kira nutirino ita ce ta Weyl, sai binciken da aka yi a Japan a 1998 ya nuna tana da ɗan nauyi.

Ɗigon Weyl a cikin kiristal yana ɗauke da lamba, ko +1 ko -1. Ana iya kwatanta na farko da marmaro inda ruwa ke ɓuɓɓugowa, na biyu da ramin da ruwan ke shigewa. Holger Nielsen da Masao Ninomiya sun tabbatar a 1981 cewa ɗigon nan ba ya zuwa shi kaɗai, dole kowane marmaro ya sami raminsa. Idan aka matse kiristal ɗin, ko aka ɗumama shi kaɗan, ko aka ɗan gurɓata shi, ɗigon yana iya gusawa a kan taswira amma ba ya gushewa, domin lambarsa ba ta iya raguwa da kaɗan-kaɗan. Hanya ɗaya ta kawar da shi ita ce a jawo shi har ya haɗu da abokinsa mai kishiyar lamba, su kashe juna, giɓi ya buɗe. Mashigin Jibiya da umurni ɗaya ake rufe shi. Wannan mashigi kuwa ba ya rufuwa sai an sake fasalin taswirar.

Ɗigon Dirac shi ne ɗigon Weyl biyu, badami da bahago, ɗaya a kan ɗaya, daidaiton ginin kiristal ne kawai ya hana su kashe juna. Kafin su rabu su tsaya daban-daban, sai kiristal ya kasance mai maganaɗisu, ko kuma ya zama gininsa ba shi da cibiyar da idan aka juya shi ta kanta zai koma yadda yake.

6.0 Gani Ya Kori Ji

A 2011 Xiangang Wan da Ashvin Vishwanath da abokan aikinsu suka yi hasashen cewa ana iya samun ɗigon Weyl a cikin kiristal na gaske, suka kuma faɗi alamar da za a gane shi da ita. A ƙarfe na yau da kullum, idan aka zana matakin Fermi a kan taswirar fatar kiristal, layin yakan kewaya ya rufe kansa kamar zobe. A rabin-ƙarfen Weyl kuwa layin a buɗe yake kamar baka, ya taso daga inuwar ɗigo badami ya ƙare a inuwar bahago. Ɗaya rabin zoben yana can a ɗaya fuskar kiristal ɗin. Ana kiran wannan layi bakan Fermi. Ko an kankare fatar, sabuwar fatar da ta bayyana za ta fito da nata bakan, domin tushensa yana cikin jikin kiristal ne.

A 2015 lissafi ya nuna cewa gamin tantalam da asanik, wanda ake taƙaitawa da TaAs, ya cika sharaɗin, domin gininsa ba shi da waccan cibiya. A cikin shekarar, ƙungiyar M. Zahid Hasan, ɗan asalin Bangaladash, a Jami'ar Princeton ta Amurka, da ƙungiyar Hong Ding a Cibiyar Fiziks ta birnin Beijing na ƙasar Sin, kowace ta auna ta gani. Dabarar da suka bi ta samo asali daga bayanin da Albert Einstein ya yi a 1905: ana haska kiristal da haske mai ƙarfi, elektiron su yi tsalle su fito, a auna kuzarinsu da kusurwar da suka fito ta ita, daga nan a zana taswirar. TaAs yana da ɗigon Weyl 24, watau tagwaye 12. Shekara 86 ke nan tsakanin lissafin Weyl da ganinsa. Ba da jimawa ba aka sami haka a 'yan'uwansa uku: tantalam da fosfaras, niyobiyam da asanik, da niyobiyam da fosfaras. A 2019 kuma aka tabbatar da nau'in mai maganaɗisu a gamin kobalt da kuza da farar wuta.

7.0 Amfanin Da Ake Hange

Yawancin aikin da ake yi a kan waɗannan abubuwa a ɗakin gwaji yake tukuna, kuma da yawa daga halayensu ba sa fitowa sosai sai cikin sanyi mai tsanani. Duk da haka akwai wata matsala ta zahiri da ake sa ran za su warware. A cikin ƙwaƙwalwar wayar hannu da kwamfuta akwai siraran wayoyin jan ƙarfe masu haɗa sassa. Elektiron a cikin jan ƙarfe yakan yi tafiyar nanomita wajen 40 kafin ya yi karo, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Idan waya ta fi haka siranta, sai elektiron ya riƙa dukan bango, turjiya ta ƙaru, na'ura ta yi zafi, batir ya ƙare da wuri.

A rabin-ƙarfe mai tofoloji al'amarin yana iya juyewa, domin fatarsa hanya ce mai kyau, kuma iya sirantarsa iya yawan rabon fata a cikinsa. A watan Janairu na 2025 masu bincike na Jami'ar Stanford suka wallafa a mujallar Science cewa shimfiɗar niyobiyam da fosfaras wadda kaurinta bai kai nanomita 5 ba ta fi jan ƙarfe mai irin wannan kauri ɗaukar wuta, a zafin ɗaki. Wannan bai nuna za a daina ganin ƙunshin wayar jan ƙarfe a kasuwa ba, domin a waya mai kauri har yanzu shi ne gaba. Maganar ta ƙananan hanyoyin cikin na'ura ce.

8.0 Kuza Da Kwalambait

Sunayen tantalam da niyobiyam da kuza da suka yi ta maimaituwa a sama ya kamata su ja hankalin mai karatu. Tun kafin zuwan Turawa, maƙeran Liruwai suna narka kuza, fatake suna kai ta kasuwanni. Daga farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka mamaye haƙar kuza a tsaunukan Jos, dubban Hausawa suka tafi aikin lebura a can. Tare da kuzar akwai wani baƙin yashi mai nauyi da aka daɗe ana zubarwa, shi ne kwalambait, ma'adinin niyobiyam wanda ke ɗauke da tantalam a cikinsa. A shekarun 1950 Nijeriya ce ke fitar da mafi yawan kwalambait na duniya, kafin ma'adinan Barazil su karɓe kasuwar niyobiyam. Har yanzu Nijeriya tana cikin ƙasashen da ake haƙar tantalam, tare da Kwango da Ruwanda da Barazil, kuma ana amfani da shi wajen ƙera ƙananan ma'ajin caji na cikin wayoyin hannu.

Ita kanta kuza tana da nata labari a wannan fage. Farar kuzar da aka sani ƙarfe ce sosai. Amma ƙasa da digiri 13.2 na ma'aunin Salsiyas tana iya sake gini sannu a hankali ta zama toka-toka, kuma a wannan hali shiyyoyinta biyu suna taɓa juna, giɓinta sifiri ne. A 2017 aka nuna cewa siririyar shimfiɗarta, idan aka ɗan takura gininta, tana zama rabin-ƙarfen Dirac. Zarra ɗaya ce, jeri ne ya bambanta, hali kuma ya sake gaba ɗaya.

9.0 Kammalawa

A taƙaice, halin abu game da wutar lantarki ya rataya ne a kan yadda shiyyoyin kuzarinsa suka tsaru, da inda cikar elektiron ta tsaya. Inda akwai sarari a cikin shiyya, ƙarfe ne. Inda giɓi ya yi faɗi, mai tare wuta ne. Inda giɓin ya yi ƙunci, irin silikon ne. Inda kuwa shiyyoyi biyu suka taɓa juna a ɗigo mai ɗauke da lambar da ba ta gogewa, rabin-ƙarfe mai tofoloji ke nan.

Ma'adinin yana fita daga ƙasar nan a buhu, ya komo a cikin na'ura da tsada, har ya bi ta Jibiya ya wuce Maraɗi. Abin da ya ƙara masa daraja a tsakanin fitarsa da komowarsa sani ne, irin wanda aka ɗan taɓo a sama. Masu iya magana sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa. Wani ɓangare na maganin wannan yana hannun ɗaliban harshe. Kalmomin da aka yi amfani da su a nan, irin su shiyya da giɓi da ɗigo da baka, shawara ce kawai. Ya rage ga ɗaliban Hausa da na kimiyya su zauna tare su tace su, su gyara wadda ta karkace, su maye gurbin wadda ba ta dace ba, domin yaron da ya tashi a Jibiya ko Liruwai ya sami damar fara jin wannan bayani da harshen da yake tunani da shi.